Bimbinin Safiya: A Gindin Tumfafiya

Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kama hannun ɗanka ko jikarka ku fita bayan gari. Ko a hanyar Tambuwal zuwa Dogon Daji ne, ko ta Kebbe zuwa Kuchi, ba za ku yi nisa ba sai kun ci karo da tumfafiya. Ba wanda ya shuka ta, ba mai yi mata ban ruwa.

Ku juya ganyen a hankali. In an dace za ku ga ƙwai ɗaya tal, bai kai ƙwayar gero ba. Malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro da baƙin gefe shi ya ajiye shi. Cikin kwana 3 zuwa 5 tsutsa za ta fito, ta fara da cinye ɓawon ƙwanta, sannan ta koma kan ganye. Jikinta zane-zane ne na fari da baƙi da rawaya. Sau 4 take saɓa, don fatar ba ta girma tare da ita. Farin ruwan tumfafiya da muke hana yara taɓawa saboda ido, shi Allah Ya sa ya zama garkuwarta: dafinsa na zama a jikinta, tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya marmarin ƙari.

A makarantar firamare ana zana wa yara matakai huɗu na rayuwar malam-buɗe-littafi a allo, su haddace, su ci jarrabawa. Madalla. Amma yaron da bai taɓa tsugunawa ya gani da idonsa ba, da wuya Subhanallah ta kuɓuce masa daga baki.

Mataki na uku ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tsutsar za ta maƙale, kai ƙasa, ta zama ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinariya. Ba ci, ba tafiya, har kwana goma ko fiye. Yaro zai ce, "Baba, ta mutu?" Zai so ya ɓare ya duba. Riƙe hannunsa. A cikin wannan shirun ake rushe yawancin tsohon jiki, ana gina fukafukai da dogon bakin tsotson fure, kuma ba idon da ke ganin aikin sai na Mai yin sa. Wanda ya ɓare, ya kashe.

Mu manya ma haka muke da addu'ar da muka ga ta jima ba amsa, ko yaron da ya daɗe a kan allo ɗaya bai wanke ba. Mukan yi saurin cewa babu abin da ke faruwa.

Allah Ya sanya wa surori uku sunan ƙananan halittu irin waɗannan: ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo. Faɗa wa yaron haka a hanyar komawa gida, ku kuma wanke hannu kafin a zauna shan kunu.

Ya Allah, Ka buɗe idon 'ya'yanmu su ga ayoyinKa, mu kuma Ka hana hannunmu gaggawa.