MA'ANAR KALMAR "MAƘTU" A CIKIN ALƘUR'ANI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a majalisun tafsiri na watan azumi, a Dawakin Kudu da sauran garuruwan Kano, akan fassara kalmar "maƙtu" da ƙi ko fushi. Amma malaman lugga sun ce ita ce matuƙar ƙi, watau irin wanda a ke yi wa mutum idan an gan shi yana aikata mummunan abu. A Hausa ta fi kusa da tsana wadda ta haɗu da ƙyama.

Kalmar ta zo sau 6 a cikin Alƙur'ani. A Suratun Nisa'i, aya ta 22, an siffanta auren matar uba da ita, domin ko a zamanin jahiliyya Larabawa suna kiransa auren maƙtu. A Suratu Faɗir da Suratu Gafir ta zo game da kafirci da jayayya da ayoyin Allah. Abin tsoro shi ne Suratus Saffi, aya ta 3, inda aka fuskanci muminai kansu da ita, saboda faɗin abin da ba su aikatawa.

Ga misali a kusa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka samu albarkar noman rani a yankin Kura da Bunkure: alkama, shinkafa da tumatir. Manomi zai ga mushen jaki a magudanar ruwa, ya toshe hanci, ya tofar da yawu, ya canza hanya. Amma a taron manoma sai ya ce ya yarda kowa ya sha ruwa ranarsa, dare na yi ya je ya karkatar da rabon maƙwabcinsa, shukar bawan Allah ta bushe. Ya rantse wa mai saye cewa kwandon tumatirinsa sama da ƙasa ɗaya ne, alhali ya san ruɓaɓɓe ya jera a gindi. Sa'an nan ya shiga sahun gaba ran Juma'a, ransa fes.

Mushe bai saɓa wa Allah ba, kuma ruwa yana gusar da ƙazantarsa. Saɓa alkawari kuwa sai tuba da mayar da haƙƙi ga mai shi. Saboda haka ya wajaba ga Musulmi ya auna maganarsa kafin ta fita, idan ta fita kuwa ya cika ta, ko da zai yi hasarar shukar rani guda.

Allah Ya kiyaye bayinSa daga ƙyamarSa, amin.