Reshen Da Ya Ƙetare Katanga

A tsakar gidanmu a Yankara, kusa da hanyar Funtuwa zuwa Gusau, akwai wani babban bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Kakanmu ne ya dasa shi. Asalin itacen nan daga Indiya ne, an kuwa fara shuka shi a Barno a shekara ta 1928. Namu ya yi girma har reshe ɗaya ya ƙetare katanga, ya kwanta bisa kwanon maƙwabcinmu. Ran nan sai maƙwabcin ya yi sallama, ya ce, "Maigida, damina ta matso. In hadari ya taso da iska, ina tsoron ɗakin da yarana ke kwana."

To, ya ku 'yan'uwa, ga tambaya. Itacen na wane ne?

Da fari muka ce namu ne, gama saiwarsa a gidanmu take. Amma da muka zauna muka duba, sai muka ga masu rabo cikinsa suna da yawa. Tsohuwarmu a ƙarƙashinsa take kaɗi. Matan maƙwabcin ma da azahar a inuwar reshen nan suke surfe. An ce inuwar giginya na nesa ka sha, amma ta bedi na kusa da na nesa duka suna sha. Ashe mai gida yana da ikon gatari, amma hasarar ba tasa kaɗai ba ce.

Waɗansu samari suka ce a sassare kan itacen duka a huta, a sami itacen wuta kuma. Ba mu yarda ba. Abin da ya yi shekara arba'in yana girma, gatari yana gamawa da shi kafin la'asar, kuma ba mai iya mayar da reshe. In an yi wa bedi ƙwal zai toho, gaskiya ne, amma sababbin rassan ba su da ƙarfin riƙo, su ne iska ta fi karyawa, ruɓa kuma takan shiga ta manyan raunukan. Waɗansu kuwa suka ce kada a taɓa shi ko kaɗan, don girmama kaka. Wannan magana ta fi daɗin ji, amma mun auna ta, ba ta cika ba. Kakanmu ya dasa itace domin mutane su huta. In reshensa ya faɗa kan yaro, wane girma muka ba shi? Bari ma aiki ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Manoman Maradi sun koya mana wani abu a nan. A shekara ta 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da ke gonaki suna da rai. Aka fara zaɓen toho mai ƙarfi a bari, a rage sauran. Suna kiran wannan sassabin zamani, kuma ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a ƙasar Nijar. Wuƙar da ke kashewa ita ce ta rayar, bambancin yana ga hannun da ya san abin da zai bari. Turawan Ingila ma suna da wani itace mai farin ɓawo, ba su yanke shi lokacin da ruwan jikinsa ke hawa, don kada ya yi ta tsiyaya.

Sai muka kira maƙwabcin da matansa da tsohuwarmu, muka tsaya a gindin itacen, kowa ya nuna reshen da yake so a bar masa. An ɗan yi gardama. Muka ɗaure babban reshen da igiya, muka fara zartar da shi daga ƙasa, sa'an nan daga sama, don kada nauyinsa ya tsage ɓawo. Guntun da ya rage muka datse kusa da kumburin gindinsa. Ba mu cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen ba.

Matan maƙwabcin sun rasa rabin inuwarsu, ba su kuwa ɓoye mana ɓacin ransu ba. Itacen wutan muka raba biyu, muka kai musu kashi mafi yawa. Yanzu turminsu yana gidanmu, a nan suke surfe tare da tsohuwa.