Ɗigon Da Ba Tauraro Ba: Me Ya Halatta Mai Hoto Ya Goge?

Mai karatu, in kana da kyamarar dijital ta sosai, ba ta waya ba, ga wani gwaji da za ka iya yi yau da dare ba tare da ka kashe ko sisi ba. Rufe idon kyamarar da murfinsa, ka kashe duk wani gyara da take yi da kanta, ka saita ta ta yi daƙiƙa 30 tana ɗauka, sannan ka danna. Hankali zai ba ka cewa hoto baƙi ƙirin za ka samu, tunda dai ba hasken da ya shiga. To, buɗe shi a kwamfuta ka faɗaɗa. Za ka tarar da 'yan ɗige-ɗige, wani ja, wani kore, wani shuɗi, sun watsu kamar an yayyafa gero a kan baƙin zane. Kyamara ta ba da shaidar abin da ba ta gani ba.

Masu sana'ar suna kiran irin wannan ɗigo "mai zafi", kuma sunan ya dace. A cikin kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, wanda aka yanka shi gida-gida, wato fiksel. Kyamarar da aka ce megafiksel 24 ce, tana da irin waɗannan gidaje miliyan 24. Aikin kowane gida shi ne ya tara lantarki daidai gwargwadon hasken da ya faɗo masa. To amma zafi ma yana haifar da lantarki a cikin farantin ko da babu haske, kuma a cikin miliyoyin gidajen nan ba a rasa 'yan kaɗan masu lahani da ke yoyo fiye da sauran. A ɗaukar rana, wadda ba ta kai ƙiftawar ido ba, yoyon bai isa ya taru ba. Sai an bar kyamara a buɗe na tsawon daƙiƙoƙi ko mintoci, kamar yadda ake yi in ana son hoton taurari ko na gari da dare, sannan gidan ya cika ya fito tamkar fitila. Launin kuwa ya samo asali ne daga tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, inda kowane gida yake ƙarƙashin matatar launi guda, ja ko kore ko shuɗi.

Yanzu ka kawo wannan bayani Mabera. Wannan lantarkin ƙarya yana ninkuwa ne a kusan duk ƙarin zafi na digiri 6 zuwa 8, ga shi kuma Sakkwato gari ne da zafin watan Afirilu ke wuce digiri 40, bango da kwano su kwana suna huci. Saurayin da ya hau soro a Mabera, ya kafa kyamararsa a kan mai ƙafa uku a daren da aka ɗauke wuta, domin daren da NEPA ta yi halinta shi ne daren da taurari ke fitowa sosai, zai kwashi ɗige-ɗigen da takwaransa na Ingila ba zai kwasa ba, ko da kuwa kyamararsu iri ɗaya ce. A hotonsa ga Kaza da 'Ya'yanta, ga kuma wasu 'ya'yan da kazar ba ta san da su ba.

Ba mai gardama cewa ya kamata a goge su. Ƙarya ce kyamara ta yi, gogewar kuma mayar da gaskiya ce wurinta. Abin tambaya shi ne, yaya za ka gane wanne ne na ƙarya? Domin tauraro ƙarami da ɗigo mai zafi, a ido, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Hanyoyi biyu ake bi, kuma a kansu nake son mu daɗe.

Ta farko ita ce gwajin nan da na ba ka. Bayan ka ɗauki hoton sama na daƙiƙa 30, sai ka rufe ido ka sake ɗaukar duhu zalla na daƙiƙa 30, da saiti iri ɗaya, tun kyamarar ba ta huce ba. Duk abin da ya fito a hoto na biyu, daga cikin kyamarar ya fito, sama ba ta da hannu a ciki. Sai a ɗebe na biyu daga na farko, kamar lissafin ɗan firamare. Yawancin manyan kyamarori suna yin haka da kansu in ka kunna masu, shi ya sa za ka ga bayan ɗauka sun yi shiru na tsawon lokacin da suka ɗauka, mai gaggawa ya yi ta tsaki yana zaton sun lalace. Akwai kuma ƙarin shaida: sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ka ɗauki hotuna goma a jere, taurari za su gusa, shi kuwa ɗigon yana nan daram inda yake. Aibin wannan hanya ɗaya ne, tana cin lokaci ninki biyu.

Ta biyu ta fi sauri. Kyamara ta dubi kowane gida, ta gwada shi da maƙwabtansa, in ta ga ya fi su haske da yawa sai ta yanke hukuncin cewa mai lahani ne, ta rage shi ya yi daidai da su. Ba bincike, ba jira. A 2016 kamfanin Sony ya fitar da sabuwar manhaja ga wasu kyamarorinsa masu tsada, irin su A7R II da A7S II, wadda ta faɗaɗa irin wannan tacewa zuwa ɗaukar da ta kai daƙiƙa 4. Ba a jima ba masu hoton sama a faɗin duniya suka fara kuka, domin ƙananan taurari na gaskiya suna dusashewa ko su ɓace daga hotunansu. Har suna suka raɗa wa abin, wai "maciyin taurari". Laifin tauraron kawai shi ne ya yi haske shi kaɗai a tsakiyar duhu.

Ka ga bambancin? Hanya ta farko tana tuhumar mai kallo ne. Tana cewa, kafin in ce ga aibi a duniya, bari in rufe idona in ga abin da nake ɗauke da shi. Ta biyu kuwa tana tuhumar duk wanda ya fita daban. Ni a ganina mafi yawanmu da ta biyu muke aiki, a majalisa da gidan biki da wajen hirar 'yan fim da marubuta. Yarinya ta fi ƙawayenta baki, ko matashi ya ƙi bin sana'ar gidansu, nan take an gama shari'a. Ba wanda ke tsayawa ya tambayi kansa ko wannan jan ɗigon da yake gani a kan kowa, a wuri guda, kullum, daga nasa farantin yake. Mutumin da duk wanda ya kalla sai ya ga munafuki, ai ya kamata ya rufe murfi ya ɗauki duhu. Amma bari in koma kan hoto, kada in zama mai wa'azin da ba a gayyata ba.

A situdiyo, wannan tambaya ta fi ta taurari nauyi. An kawo hotunan biki, gwaggon amarya ta tsaya a kan mai hoto tana cewa, "Ɗana, ka gyara muna ita ta fito shar." Ya buɗe Photoshop. Ga jan ɗigo a kan mayafi, na kyamara ne, ya goge. Ga ƙurji a haɓa, wanda gajiyar biki ta kawo kuma mako mai zuwa babu shi. Ya goge, ni ma ban ga laifinsa ba. Hannu ya saba, ga kuma tsage a kumatu, irin na Gobirawa da duk mutumin ƙasar Sakkwato ya sani. Ga fata baƙa mai sheƙi. Kayan aikin da ya goge ɗigon, shi ne dai zai goge tsagen, shi ne kuma zai mayar da baƙa fara cikin minti biyu. Kwamfuta ba ta san bambanci ba, kuma ba ruwanta. Da yawa daga cikin fastocin finafinanmu haka aka yi masu, har ka haɗu da jaruma ido da ido ka yi ta tantama ko ita ce.

Na san abin da za ka ce, kuma kana da hujja. Za ka ce ai babu hoton da ba a taɓa ba. Gaskiya ne, tunda kowane gida launi ɗaya yake gani, sauran biyun kyamara ce ke ƙiyasta su daga maƙwabta. Za ka ce amarya ta biya kuɗinta, kuma wadda ta yi lalle da jan baki ma ai gyara ta yi. Za ka ce fim kansa shiri ne, wanda ya mutu a wannan kaset gobe za ka gan shi yana rawa a wani. Duk na yarda. Sai dai lalle a hannunta yake, duk wanda ya zo biki ya gan shi. Mai kallon fim kuma ya san wasa ya zo kallo, ba a yaudare shi ba. Hoton biki ba haka yake ba. Shi ake sa wa gilashi a rataye, shi jika za ta ɗauko bayan shekara 50 tana neman fuskar kakarta, tana neman inda ta gado hanci da launi. In an goge tsagen, an goge mata garin da kakarta ta fito. Kuma ba za ta taɓa sani ba, domin gyara mai kyau ba ya barin sawu.

Inda hoto ya zama shaida kuwa, 'yan jarida sun daɗe da ja layi. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto, Adnan Hajj, bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut lokacin yaƙin Isra'ila da Hizbullah, aka kuma janye hotunansa sama da 900. An kai harin, hayaƙin ma ya tashi, ƙari kawai ya yi. Ƙa'idar manyan gidajen jarida ita ce za ka iya share dattin da ya hau farantin kyamararka, amma ba ka ƙara ko ka rage abin da ke gabanta. Mu a nan ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Wanda ya ce ya ga jinjirin wata, ba a sanar daga fadar Sarkin Musulmi sai an bi diddigin shaidarsa, domin ido mai ɗoki yana iya ganin abin da babu.

Don haka in kai ne mai hoton, ka san farantinka. Ka ɗauki duhunsa a bazara, ka sake ɗauka a hunturu, domin ɗige-ɗigen suna ƙaruwa da tsufan kyamara. Ka bar ta ta huce tsakanin ɗauka da ɗauka. In tana da wurin da ake sa ta yi wa gidajenta masu lahani rajista ta daina amfani da su, ka yi. Kuma ka ajiye hoton asali ko da ka ba da gyararre, saboda ranar da mai shi zai dawo yana neman fuskarsa. Ko na'urar hangen sama ta Hubble, wadda aka harba a 1990, ba ta tsira ba, domin hasken da ke yawo a sararin samaniya yana lalata mata gidaje, har sai an riƙa ɗumama farantanta lokaci-lokaci don wasu su warke, sauran kuma a rubuta inda suke.

A ranar 14 ga Fabrairu, 1990, kumbon Voyager 1, bisa roƙon masanin taurari Carl Sagan, ya waiwayo ya ɗauki hoton duniyar nan daga nisan kilomita kusan biliyan 6. Ƙasa da teku, Sakkwato da Makka da Amurka, duk ba su cika fiksel ɗaya ba. Ɗigo ne guda, mai ɗan shuɗi, ya fi maƙwabtansa haske, wato irin wanda waccan matata mai gaggawa take farauta. An san duniya ce saboda lissafi ya nuna a nan za ta kasance, kuma an ɗauke ta sau uku ta matatun launi daban-daban, ta fito a wurin.