Jinin Yaro Cikin Labari: Ina Iyakarmu?

'Yan'uwa cikin Kristi, wata ran Lahadi bayan sujada, a nan ƙasar Yankwashi, wata uwa ta kawo mini ƙarar ɗanta. Saurayin ya kan karanta wa mutanen gida labaru daga wayarsa da dare. Ran nan ya ɗauko na 'yan fashi, har ya kai inda suka kama ƙaramin yaro. Uwar ta ce ya bari. Shi kuwa ya yi dariya, ya ce, "Inna, ai ƙage ne." Ta shiga ɗaki, ba ta runtsa ba har gari ya waye. To, wa ke da gaskiya?

Da fari, kada mu ce laifi ne a ambaci wahalar yaro cikin littafi. Tun muna ƙanana kakanninmu suna yi mana tatsuniyar Dodo mai haɗiye yara. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, ya faɗi yadda aka sace Umar yana ƙarami, uwarsa ta fita nemansa har ta faɗa cikin bauta. Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye ba: Fir'auna ya umarta a jefa jarirai maza cikin kogi (Fitowa 1:22), Hirudus kuma ya karkashe yaran Baitalami (Matiyu 2:16).

Amma ku lura da yadda Matiyu ya rubuta. Aya guda ta ishe shi ga kisan, bai tsaya kwatanta takobi ko jini ba. Nan da nan ya juya mu wurin kukan Rahila. Ma'aunin ke nan. Wani marubuci ya kan zaunar da kai kusa da uwa mai makoki, ka tashi da tausayi da ƙin mugunta. Wani kuwa ya tsai da kai bayan mai wuƙa, yana jan labari domin ka biya kuɗin kashi na gaba. Wannan ciniki ya ke yi da jinin yaro, ko da yaron na takarda ne.

Shi ƙagen kuma bai yi nisa da mu ba. A Disamba 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano, aka kashe ta. A Yuli 2022 kotu ta yanke wa mai makarantarsu hukuncin kisa. Uwar da ta ji wannan, in ta ji ƙage, fuskar nata ɗan ta ke gani.

Manzo Bulus ya gargaɗe mu kada mai cin kowane abinci ya raina wanda ba ya ci (Romawa 14:3). Haka karatu ya ke. Iyakar kowa dabam ce, wanda ya rufe littafi kuwa bai yi abin kunya ba. Abin tsoro shi ne zuciya ta yi kanta kamar tafin manomi, har kukan yaro ya zama mata nishaɗi.

Na ce wa saurayin, "Ɗana, ba na hana ka karatu. Amma sa'ad da Innarka ta ce ka bari, ka bari, ka kuma tambayi kanka wurin wa marubucin ya zaunar da kai." Ubangiji da ya rungumi yara ƙanana ya tsare mana zukatanmu da taushi. Amin.