Ka Nufi Sama da Mashigi

Karatu: Ibraniyawa 2:1-4

Mu da ke zaune a Gwadangaji mun san Gulbin Rima. Da rani yaro ya kan yi wasa a bakinsa, amma sa'anda malka ta sauka cikin watan Agusta, sai ya cika fadama, ya yi ƙarfi. A shekara ta 2020 ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a ƙasar Kabi, ba mu manta ba.

Wata damina na shiga kwalekwalen wani dattijo daga cikin Sarkawa domin in haye. Ga mashigi can sosai a gabanmu, amma sai ya juya goshin jirgin wajen da ruwa ke fitowa. Na ce, "Baba, ai ba can za mu ba." Ya ce, "Malam, zauna dai. Wanda ya nufi mashigi sosai, ƙasa da mashigi za ya sauka, gama ruwa ma yana tuƙi." Bai huta da filafili ba ko kaɗan. Jirgin yana tafiya a karkace, ruwa yana turawa, har muka sauka daidai wurin da muke so.

Wannan ita ce faɗakar da aka yi wa Ibraniyawa: su riƙe abin da suka ji da kyau, kada ruwa ya janye su. Ku lura, ba lalle sai jirgi ya kife mutum ke rasa mashigi ba. Ya isa ya ajiye filafili kurum. Ba ya jin motsi, ba ya jin tsoro, amma gaci yana wucewa.

Haka ya ke faruwa cikin ekklesiya. Ba mu cika ganin wanda ya tashi rana ɗaya ya yi musun Yesu ba. Addu'ar safe ce ta ke fara mutuwa. Sa'an nan Littafi ya yi ƙura. Kasuwa ta ci Lahadi ɗaya, ta ci ta biyu; mudun awo ya ragu kaɗan. Bayan shekara mutum ya duba, ga shi nesa, bai san sa'anda ya kai can ba.

Wanda burinsa shi ne a ce da shi mutumin kirki kaɗai, mashigi ya nufa sosai, duniya kuwa za ta kai shi ƙasa. Sai mu nufi sama, wurin Yesu Kristi kansa, wanda ya ƙetare mutuwa dominmu, ya tashi kuma. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ɗan'uwa, ina goshin jirginka ya nufa yau? Filafili yana hannunka? In ruwa ya riga ya janye ka, kada ka fid da zuciya. Ka tuba, ka kira Mai Ceto, za ya komo da kai.

Ubangiji ya kai mu gaci lafiya. Amin.