Maharbin Da Ya Komo Da Takardarsa

Wani kawuna tsohon maharbi ne a ƙasar Bukkuyum. Ya ba ni labari, wata shekara ya biya kuɗin lasin na farauta, kamar yadda dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta tanada. Kwana uku yana bin sawun gwanki. Da ya cim masa a bakin ruwa, ashe mace ce, ga ciki. Sai ya sauke bindiga, ya komo gida da takardarsa a aljihu. Har Gummi aka riƙa yi masa ba'a, wai ya sayi yunwa da kuɗinsa.

Ni kuwa ban ga wautarsa ba. Hukuma ta ce masa yana iya harbi, ba ta ce lalle sai ya harba ba. Malamanmu ma ai sun raba halal da wajibi.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Yau maharba da yawa a Anka da Bukkuyum sun jingine makamansu, don 'yan bindiga sun mamaye dajin. Su ma ba su kashe kome ba. Shin ladansu ɗaya da na kawu? A ganina a'a, domin shi yana da iko ya bari, su kuwa hana su aka yi.

Da na kai masa wannan magana sai ya yi dariya, ya ce shi bai tuna da lada ba ran nan. 'Ya'yansa ya tuna, ko za su tarad da gwanki a dajin. Na tambaye su. Babu wanda ya taɓa ganinsa.