Shin Arhar Masauki Tana Kore Almubazzaranci?

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa su yi tafiya a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙarshen yankin Sina'i na ƙasar Masar, bakin Bahar Maliya, akwai garin Sharm el-Sheikh, wanda ya koma hannun Masar a 1982, ya kuma cika da manyan masaukan shaƙatawa. Matafiyi yakan biya kuɗi sau ɗaya, a ba shi ɗaki da ci da sha dare da rana. Da darajar fam ɗin Masar ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa a watan Maris na 2024 daga wajen fam 31 zuwa wajen 50 a kan dala ɗaya, sai ɗawainiyar zama can ta yi sauƙi ga baƙo mai kuɗin waje. To, shin Musulmin da ya sauka a irin wannan wuri ya kuɓuta daga almubazzaranci, tun da bai kashe da yawa ba?

Da farko dai, jin daɗi ba haramun ba ne. Aya ta 32 cikin Suratul A'arafi ta yi inkari ga mai haramta ƙawa da daɗɗan arzikin da Allah Ya fitar domin bayinSa. Imamu Malik kansa an san shi da sa tufafi masu kyau. Wanda ya biya da halaliyarsa, bai ci bashi ba, bai tauye ciyar da iyalinsa ba, babu zargi a kansa.

Amma fa Shari'a ba da farashi kaɗai take auna ɓarna ba. Ibnu Majah ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana Sa'adu ɓarnar ruwan alwala, ko da a bakin kogi mai gudana yake. Ruwan kogi kuwa ba a sayensa. Ashe ke nan abu yana iya zama kyauta, a kuma yi almubazzaranci da shi. Mutumin da ya cika faranti uku don kawai ya riga ya biya, ya ci ɗaya, aka zubar da biyu, lalle ya saɓa wa aya ta 31 ta wannan sura, wadda ta yi umurni da ci da sha, ta hana wuce iyaka. Haka wanda ya sake famfo yana zuba, a garin hamada inda sai an tace gishirin teku kafin a sami ruwan.

Sa'an nan arhar nan akwai mai ɗaukar nauyinta. Mai share ɗaki da mai kawo abinci, da yawansu sun baro iyalansu a garuruwan bakin Nilu, ana biyansu da fam ɗin nan da ya faɗi. Abin da ya zama sauƙi ga baƙo, shi ne ya zama tsada a gidajensu. Don haka ya kamata rarar da baƙo ya samu ta kai gare su, ta hanyar ihsani da kyakkyawar magana, ba tsawa ba.

Abu na ƙarshe shi ne addinin matafiyin. Tirmizi ya ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, kuma biyan kuɗin masauki bai halatta ta ba. Runtse ido wajibi ne a bakin teku kamar yadda yake a kasuwa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin ƙasaru, watau mai hutun mako guda zai cika sallarsa, ya kuma nemi Juma'a, ga Masallacin Sahaba nan cikin garin.

Saboda haka, mai hankali ba zai tsaya ga lissafin abin da ya fita daga aljihunsa ba. Sai ya duba abin da ya zubar, da wanda ya yi masa hidima, da sallar da ya tsare. Suratul Furƙani, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Allah Ya datar da Musulmi a gida da tafiya, amin.